Gurbin Nilima a Kaskon Rairayi

Masu ba da labarin ƙasar Hindu sun ce tun kafin mutane su san yadda za su rubuta alamar babu, an yi wani ƙauye a gaɓar kogin Sarwani, ana ce masa Tilakuri, inda ba a jin kukan mutuwa. Kada mai karatu ya yi saurin taya su murna. Suna mutuwa kamar kowa, sai dai ba sa tuna wanda ya mutu.

Asalin abin, wata annoba ce ta taɓa cinye rabin garin, baƙin ciki ya nemi ya ƙarasa sauran. Sai kakanninsu suka tafi bakin kogi suka roƙi aljanar da ke cikinsa, wadda suke kira Uwar Ruwa, ta ɗauke musu wannan nauyi. Ta yarda, bisa sharaɗi. Kowane gida zai ajiye kasko cike da rairayin kogi a bakin ƙofa, a dasa wa kowane mai rai tsakuwa ɗaya a ciki. Kullum da hantsi za ta ratsa garin a siffar iska mai sanyi, ta duba kasake. Wanda ta ga tsakuwarsa, ta tsare shi daga ruwa da kada. Wanda ya mutu kuwa, a jefa tsakuwarsa cikin kogi, babban gida ya sa tafin hannu ya shafe gurbin kafin rana ta faɗi. Da an shafe, sunan mamacin da kamanninsa sai su fita daga zuciyar kowa, har uwar da ta haife shi.

A garin akwai wata maginiyar tukwane mai suna Mandira. Su uku ne a gidansu: ita, da 'yarta Nilima wadda ba ta daɗe da fara famfara ba, da wata tsohuwa, Indumati, wadda Mandira take kira Inna ba tare da ta san ta ina suka haɗa dangi ba. A bayan ƙyaure akwai takalman katako na namiji. Ba wanda ya san mai su, ba kuma wanda ya taɓa iya zubar da su.

Wata safiya Mandira ta gama gina wani tulu, yumɓun ya yi daidai gogewa, ta nemi dutsen gugarta sama ko ƙasa ta rasa. Duk maginiya ta san in yumɓu ya wuce lokacinsa ba ya ƙara karɓar ƙyalli. Idonta ya faɗa kan kasko. Tsakuwar Nilima fara ce sumul, ba ta da ko tabo. Ta ce a ranta ai yanzu-yanzu za ta mayar. Ta ɗauka, ta zauna tana goge tulu tana 'yar waƙa, har ta ji wata iska mai sanyi ta shafi wuyanta ta wuce. Nilima kuwa tana bakin kogi da ɗan tulunta.

Matan da suke wanki sun ce ruwan bai ko kai gwiwar yarinyar ba. Ya dai buɗe kamar baki, ya rufe, tulun ya ci gaba da yawo a sama shi kaɗai.

Mandira ta ruga ta mayar da tsakuwar gurbinta. Tsakuwar ta mirgino waje. Ta sake dannawa da ƙarfi, ta sake fitowa ta faɗi ƙasa. Gurbin ya tsaya nan, ɗan rami zagayayye, yana kallonta.

Da rana ta yi yamma Indumati ta wanke hannu ta fito. Ta ce, "'Yar nan, kawo kaskon. Dubi yadda kike. Shafa ɗaya ce, ki kwana lafiya."

Mandira ta ce, "Inna, in kin shafe, wa zai san an yi ta?"

"Ba kowa. Ai shi ne rahamar."

"Ni na ɗauke tsakuwarta, Inna. Saboda tulu."

Tsohuwar ta ce, "Wannan ma za ki manta." Da tausayi ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Mandira ta ɗaure tsakuwar a haɓar zanenta, ta yayyafa wa rairayin ruwa don ya kama jikinsa, ta ɗora kaskon a ka. Ta ce za ta bi kogin har inda ya fito, ta tambayi mai shi 'yarta. Mutanen gari suka tsaya suna kallonta kamar mahaukaciya, don ba su taɓa ganin fuskar mai makoki ba.

Ta yi ta tafiya, wuyanta a sandare, ko tuntuɓe ba ta da ikon yi. Gonaki suka ƙare, daji ya ƙare, ta fito wani fili fetal, ba ciyawa ba sawun tsuntsu. Tana tsakiyarsa sai ga guguwa ta taso daga gabas, kanta yana taɓa gajimare. Mandira ta sauke kaskon ta kifa cikinta a kai. Tsakuwoyi suka yi ta dukan bayanta har jini ya fito, ba ta ɗaga ba.

Guguwar ta tsaya, ta zama wani aljani dogo siriri, riƙe da tsintsiya wadda duk ta zube sai kara. Ya ce, "Ke bil'adama, ni ne mai sharar wannan fili. Tun da aka shimfiɗa shi ba a bar sawu ya kwana a kansa ba. Me kike ɓoyewa a ƙarƙashinki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, gurbin 'yata ne."

Ya leƙa. "Ban ga kowa a ciki ba."

"Shi ya sa nake tafe da shi."

Aljanin ya daɗe yana juya maganar. Sannan ya ce, "Na share sawun sarakuna da rundunoninsu, ba wanda ya taɓa kwantawa a kan sawu don ya kare shi. Zan bar ki ki wuce, amma ba a wuce ni kyauta. Tsintsiyata ta mutu. Ba ni gashin kanki."

Gashin Mandira har gadon baya yake, kuma Nilima ce take shafa masa man kwakwa kowace safiya da 'yan hannuwanta. Ta sa kaifin dutse ta yanke shi tas ta miƙa. Aljanin ya ɗaure shi a kara, ya koma guguwa, ya bi bayanta yana share sawunta ɗaya bayan ɗaya, amma ko ƙwayar rairayi bai taɓa a kaskon ba.

Bayan filin sai ta iske wani birni na zinariya wanda ba shi da ƙofa, sai da ta bi ta wata tsaga a jikin dutse. Sunansa Birnin Cike. Mazaunansa aljanu ne gajeru masu tumbi, kuma ba abin da suka tsana a duniya kamar rami. Gidajensu curi ne, ba ɗaki ba taga, a jingine da bango suke barci. Gangunansu ba sa ƙara, sarewarsu sanda ce kawai. Tukwanensu na zinariya ne dunƙulallu, don haka in ƙishirwa ta kama su sai su durƙusa a bakin kogi su lasa kamar awaki, da sarki da talaka. Duk da haka ba ka taɓa ganin masu taƙama irinsu ba.

Da suka hangi gurbin da ke kaskon sai gari ya ruɗe, aka ja ta gaban sarki. Sarkin ya rufe ido da hannu ya ce, "Ya ke baƙuwa, kin shigo mana da abin ƙyama. Amma mu masu karamci ne. A kawo jan yaƙutu."

Aka kawo. Ya ce, "Dasa wannan a ramin. Zai zama miki 'ya wadda ba ta ciwo, ba ta tsufa, ruwa ba ya cin ta."

Ya ajiye yaƙutun a ƙasa, nan take ya miƙe ya zama yarinya. Tsayin Nilima, muryar Nilima. Ta buɗe hannuwa ta ce, "Inna, ɗauke ni."

Ba zan ɓoye muku ba, Mandira ta miƙa hannu, kuma duk uwar da ta ce ba za ta miƙa ba ba ta taɓa rasa ɗa ba ne. Sai yarinyar ta yi murmushi, haƙoranta a jere reras, ba giɓi ko ɗaya. Nilima kuwa haƙoranta na gaba biyu sun fita, har tana cusa harshe a wurin in tana tunani.

Mandira ta janye hannunta ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Wannan ta fi tawa kyau. Amma ba ita ba ce, kuma wurin nan yana da mai shi."

Sarki ya fusata ya ce tun da tana son rami, a cike mata baki da hanci da yumɓu. Da aka kawo yumɓun sai ta roƙi a bar ta ta taɓa shi sau ɗaya, don sana'arta ce. Ta ɗebi curi, ta danna babban yatsa a tsakiya, ta juya, ta juya, sai ga ƙoƙo. Ta kamfato ruwa ta miƙa wa sarki. Ya karɓa yana ƙyanƙyami, ya kai baki. Ran nan ne ya fara shan ruwa kansa a sama tun da aka haife shi. Ya shanye, ya leƙa cikin ƙoƙon. Daga nan ya ce a sake ta, a nuna mata hanyar dutse, ƙoƙon kuwa ya cusa shi cikin riga don kada fadawa su gani.

Ta hau dutse, kogin yana ƙanƙancewa a gefenta, daga kogi ya koma rafi, daga rafi ya koma zare. A inda zaren ya ɓace ta tarar da wani tsoho mai zuhudu a zaune. Ya daɗe a wurin har gara ta gina suri ta rufe shi zuwa wuya, tsuntsaye sun yi sheƙa a gemunsa. Ta gaishe shi ta ce, "Baba, Uwar Ruwa nake nema."

Bai buɗe ido ba ya ce, "Ɗiyata, Uwar Ruwa 'yar aike ce. Abin da ta ɗauka tana kai shi inda ruwan kansa ya fito. Mu muna kiran wurin Shunya, wato wofi. Daga can komai yake fitowa, can yake komawa. Na bar gida da dangi na zauna nan ina korar tunani ɗaya bayan ɗaya don zuciyata ta zama fanko in sami ƙofarsa, har yau ban gama ba."

"To ni ina zan ga ƙofar, Baba?"

Sai ya buɗe ido ɗaya ya dubi abin da ke kanta. Hawaye ya gangaro masa ya jiƙa surin. Ya ce, "A kanki take tun daga gida. Sauke ki duba."

Ta sauke kaskon ta tsura wa gurbin ido. Ɗan ramin da bai fi kan yatsa ba ya yi ta faɗi, ya yi ta zurfi, har dutsen da tsohon da sararin sama suka zame ta gefensa, ita ma ta bi su.

Wurin da ta sami kanta ba duhu ba ne, ba haske ba ne. Ba ƙasa a ƙarƙashinta, amma ba ta faɗuwa. Ba sarki, ba gadon sarauta, ba dogari. Sai wata murya da ba ta san ta ina take fitowa ba ta ce, "Maginiya, kin iso. Faɗi buƙatarki."

Mandira ta ce, "Ya mai wannan wuri, 'yata aka kawo nan bisa kuskure. Kuskuren nawa ne. Ga tsakuwarta, ga tawa. Karɓi tawa ka mayar da ita."

"Nan ba a musaya. Abin da ya shigo ba ya rabuwa da sauran balle a tsamo shi. In tambaye ki: in kin gina tulu, me masu ɗiban ruwa suke so a jikinsa, yumɓun ko cikin?"

"Cikin."

"Ke kike gina cikin?"

"A'a. Zagaye shi nake yi da yumɓu."

"In tulun ya fashe, cikin yana fashewa?"

Mandira ta gane maganar sarai, don ta sha fasa tukwane. Sararin da ke cikin tulu shi ne dai sararin da ke waje, bango ne kawai ya raba su na ɗan lokaci. Magana ce mai kyau, masu hikima sun ƙare rayuwarsu a kanta. Amma ba ta rage mata komai ba.

Ta ce, "Na ji, ya shugabana, kuma ban musa ba. Sai dai ni ba sarari na goya ba. Yarinya na goya, mai tsoron kwaɗi, mai satar rake. Ita nake so."

Sai ƙamshin man kwakwa ya taso. Mandira ta ji wani ɗan nauyi ya jingina da bayanta, daidai yadda Nilima take yi in ta gaji da wasa ta tarar da uwarta tana aiki. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta ga kowa ba.

Ta ce a hankali, "Nilima, ni ce na ɗauke tsakuwarki. Tulu nake gogewa. Ki yafe mini."

Nauyin ya ƙara lafewa a bayanta, ya ɗan jima, sannan ya yi ta raguwa har ya tafi. Mandira ta yi kuka irin wanda ba a taɓa yi a Tilakuri ba tun zamanin annoba.

Da kukan ya lafa, muryar ta ce, "Hanya biyu ce a gabanki. Ki zauna nan, bangonki ya narke, ba uwa ba 'ya, ba ciwo. Ko ki koma a shafe gurbin, ki huta kamar mutanenki."

Mandira ta share ido ta ce, "Duk biyun mantuwa ce. Ba ta uku?"

"Akwai, amma ba wanda ya taɓa roƙonta. Ki koma da gurbin a buɗe. Ba zai cike ba, ba zai shafu ba. Kullum kika tashi za ki gan shi, kuma kullum zai yi miki ciwo har ki mutu."

"Za ta ci gaba da zama a lissafin gidana?"

"Za ta zauna, a matsayin wadda babu."

"Ta ukun nake so."

"To bar tsakuwar a nan, ki yi wa gurbin abin da kika iya."

Ta kwance haɓar zane ta saki farar tsakuwar, ba ta ji faɗuwarta ba. Ta kankare ragowar yumɓun Birnin Cike da ya maƙale a farcenta, ta jiƙa shi da hawaye, ta murza shi siriri, ta zagaye bakin gurbin da shi kamar yadda take yi wa bakin tulu. Zoben ya bushe ya yi tauri kamar an gasa shi. Da ta ɗaga kai sai ta ga kanta a bakin kogin Sarwani, hantsi ya dubi ludayi, mata suna wanki.

An ce daga baya wasu masana taurari da suka yada zango a garin sun ga zoben nan, suka tambayi ma'anarsa, aka ce musu wuri ne na wanda ba ya nan. Suka kwaikwaye shi suka sa a lissafinsu, ya riƙe musu gurbin da ba kowa, har ya zagaya duniya ya iso gare mu muna ce masa sifili. Ko haka ne ko ba haka ba, Mandira ba ta san an yi ba, kuma da ta sani ba zai dame ta ba.

Ita dai ta shiga gida da kai a aske, ta ajiye kaskon a bakin ƙofa. Indumati ta fito ta dube ta, ta girgiza kai ta ce, "Kin wahalar da kanki, 'yar nan. Kin samo ta?"

"Ban samo ta ba, Inna."

"To kawo."

Mandira ba ta hana ta ba. Tsohuwar ta durƙusa ta shafa tafin hannu a kan rairayin. Zoben bai motsa ba. Ta sake shafawa, sai yatsanta ya faɗa cikin ramin. Ta tsaya cak. Mandira ta ga fuskar tsohuwar tana sauyawa, leɓunanta suna motsi kamar mai neman wata kalma da ta ɓace mata tun tuni.

Indumati ta juya a hankali ta dubi takalman katakon da ke bayan ƙyaure. Ta ce, "Jayanta."

Sunan ya daki Mandira a ƙirji. Sai ga shi gaba ɗaya ya dawo mata: mutum mai faɗin kafaɗa, mai dariya da ƙarfi, wanda yake haƙo mata yumɓu, wanda ya fara ɗaukar Nilima ranar da aka haife ta. Mijinta ne. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kuma ita ce ta riƙe kaskon aka shafe.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, ni na shafe shi da hannun nan." Ta dubi tafin nata kamar na wani. Sannan ta sa babban yatsa ta danna rairayin kusa da gurbin Nilima, ta yi rami. Ta matsa gefe ta sake dannawa, ta ambaci wani suna da Mandira ba ta taɓa ji ba. Ta sake dannawa, ta ambaci wani. Kukanta ya fito da maƙwabta, suka tsaya a bakin ƙofa cirko-cirko, ba su san abin da ake yi wa mai kuka ba.

Indumati ta ɗago ido jajur ta ce, "'Yar nan, me kika kawo mana?"

Mandira ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Namu ne, Inna. Su na kawo."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ramukan, sun fi tsakuwoyin yawa. Iska ta fara taɓa bakinsu, rairayi yana gangarawa ciki. Ta yi sauri ta kare su da tafin hannun nan nata, ta ce, "Tashi ki kwaɓa yumɓu. Kada su rufe."